Akwatin ajiye saƙo a ƙofar gida: da tsofaffin katakai zan haɗa, ku ba ni shawara

Sabon Hannu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Sau biyu ke nan cikin wata guda ina dawowa daga aiki in tarar an yi mini ɓarna a kan kayan da na saya ta intanet. Na farko littattafai ne, aka ajiye su a bakin ƙofa, ruwa ya yi musu dukan kawo wuƙa, kwalin ya koma tsumma, shafuka duk sun manne da juna. Na biyu kuwa ko ƙyallinsa ban gani ba, sai hoto a waya wai an ajiye. Ina da falet uku, wato katakon nan da ake jibga kaya a kai a sito, da guntun kwanon rufi da ya rage, da hinji biyu na wata tsohuwar taga. So nake in haɗa akwati a waje, tsayi santimita 80, faɗi 60, zurfi 50. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kulle: yaya za a yi mai kawo kaya ya saka, amma wani ya kasa cirewa? Ku sani ban taɓa haɗa abin da ya wuce benci ba.

Sarkin Musu: Wa alaikumus salam. Malam, kai dai ka ce za ka tattara wa ɓarawo kaya wuri guda har da abin ɗauka. Ya sungumi akwatin gaba ɗaya, ya je gida ya buɗe a tsanake.

Tsohon Kafinta: Bar maganar ɓarawo tukuna. Ɗana, je ka duba gefen falet ɗin, a jikin guntayen katako masu kauri da ke tsakani. Akwai tambarin da aka ƙona da wuta? Karanto mana abin da ke ciki.

Sabon Hannu: Na duba Baba. Duka ukun suna da zane kamar zangarniya, da haruffa da lambobi. Biyu an rubuta HT, ɗaya kuma MB. Mai MB ɗin ma ya fi kyau, katakonsa sumul.

Malamar Kimiyya: To ka ware mai kyan nan gefe. Tambarin na wata ƙa'ida ce ta duniya mai suna ISPM 15, wadda aka amince da ita a 2002 domin kada ƙwarin itace su riƙa bin katakon ɗaurin kaya daga ƙasa zuwa ƙasa. HT na nufin gasa katakon aka yi, har cikin tsakiyarsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, ba a sa masa komai ba. MB kuwa hayaƙin methyl bromide aka yi masa, guba ce mai kashe ƙwari, tana kuma cikin abubuwan da ke cin rufin ozon na sararin sama. Tarayyar Turai ta hana amfani da ita tun 2010. Haruffa biyu na farko sunan ƙasar da aka yi aikin ne, lambar kuma ta kamfanin da ya yi.

Sarkin Musu: Malama, iska ce fa. Iskar da aka fesa shekara da shekaru tana nan zaune tana jiran sa?

Malamar Kimiyya: Mafi yawanta ta tashi, ban musa ba. Amma mutum zai yanka, zai goge, zai shaƙi garin katakon, ga kuma biyu masu HT a gabansa. Me zai kai shi? Ni abin da ya ma fi ba ni tsoro ba tambari ba ne, tabo ne. Tambari yana faɗa maka abin da aka yi wa katako ranar da aka haɗa shi, ba ya faɗa maka abin da ya zube a kansa bayan nan. In ka ga tabon mai, ko fari-fari kamar gishiri, ko ka ji wari, ka bar shi. Haka wanda aka shafe da shuɗin fenti: na kamfanin CHEP ne, haya suke bayarwa, ko a yashe ka tsince shi mai shi yana nan.

Tsohon Kafinta: Biyu ma sun ishe ka in ka iya warwarewa, kuma a nan sabon hannu yake asarar rabin katakonsa. Falet irin na Turai santimita 120 ne a kan 80, kaurin falankinsa milimita 22, ƙusoshinsa 78, kuma ba irin ƙusar da ka sani ba ce, mai zobe-zobe ce a jiki, an yi ta ne don kada ta fita. Ka sa ƙarfe ka ɓanɓara da ƙarfi, falankin zai tsage daga baki, ƙusar kuma tana nan daram. Abin da nake yi: in ɗan buga ƙarfe tsakanin falanki da gungumen har ya buɗe kamar kaurin farce, sai in zura ruwan zarton ƙarfe in yanke ƙusoshin. Bayan nan in juya falankin in tura kawunansu waje da wata ƙusa. In ba ka da haƙurin wannan, yanke bakin falankin biyu ka yar, ka yi fama da na tsakiya kaɗai. Za ka rasa kamar santimita 15 kowane gefe, amma tunda 80 kake so, babu asara. Sai dai ka bi kowane falanki da maganaɗisu kafin ka sa masa zarto. Guntuwar ƙusa ɗaya ta taɓa cinye mini haƙoran zarto sabo fil.

Mai Walda: Duk wannan wahalar ta mece ce? Samo tsohon duro mai cin lita 200, a yanka masa ƙofa a gefe, a yi masa walda da ƙarfen da aka binne a kankare. Ba ruɓa, ba gara, ba mai ɗauka.

Malamar Kimiyya: Duron me aka zuba a ciki?

Mai Walda: Gaskiya kin tambayi abin tambaya, Malama. Duron da aka taɓa zuba fetur ko wani mai saurin kama wuta, wanda babu komai a cikinsa ya fi cikakke haɗari, domin tururin da ya rage shi ke tashi da tartsatsi ɗaya. Ni in ban san tarihin duro ba, injin yanka ba ya taɓa shi. Wanda na sani ma sai na cire murfi, na wanke, na cika shi da ruwa. To amma mai akwati ba mai walda ba ne, don haka na janye rabin maganata.

Mai Sayen Tsoffin Kaya: Ni kuwa da tsohon firji zan yi. Yana da ƙofa, yana da robar da ke hana ruwa shiga, ba ya ɗaukar zafi. Ka cire injin, ka sa kwaɗo, shi ke nan.

Maman 'Yan Biyu: Don Allah kada wanda ya gwada wannan. Ku da kuke maganar kwali da ɓarawo, ni yara nake gani. Duk abin da ke da ƙofa, girmansa ya kai yaro ya shiga, to yaro zai shiga, wasan ɓuya kawai ya ishe shi dalili. Firji kuma an yi shi ne don kada iska ta shiga, kuma ko ihu yaro ya yi ba a ji sosai. A Amurka sai da aka kafa doka a 1956 cewa dole ƙofar firji ta buɗu daga ciki, saboda yawan yaran da suka shaƙe a cikin waɗanda aka yar. Kai kuma ka ce a ƙara masa kwaɗo a waje. Ko akwatin katakon ma, ƙanena, santimita 80 a kan 60 ɗaki ne guda a wurin ɗan shekara huɗu. Ka bar masa kafar iska, kada kuma ka sa irin sakatar da ke kulle kanta da zarar murfi ya faɗo.

Mai Sayen Tsoffin Kaya: Na karɓi gyara, Hajiya. Ban kawo yara a raina ba.

Ɗan Aike: Ku ba ni wuri, ni ne wanda za a yi wa akwatin. Shekara shida ina kai wa mutane kaya, na ga akwatuna iri-iri, kuma yawancinsu masu su sun zauna sun yi tunanin ɓarawo, sun manta da ni.

Ga yadda nake isowa ƙofarka: kwali a hannu ɗaya, waya a ɗaya, abin hawana a tsaye inda bai kamata ba, ga sauran gidaje suna jira. In akwatinka yana buƙatar in ajiye kaya a ƙasa, in kama murfi da hannu biyu, in tare shi da goshi, in karanta umarni layi shida, in nemo lambar sirri a cikin saƙon da ba a turo mini ba, wallahi a kan murfin zan ɗora in ɗauki hoto in tafi. Ba mugunta ba ce, lokaci ne babu. Akwai wani gida da mai shi ya ƙera akwati kamar na banki, ya ɓoye shi bayan shuke-shuke don kada ɓarayi su gani. Wata uku ina kai masa kaya ban san da shi ba.

Abin da nake so kaɗan ne. In gan shi tun daga bakin hanya. A rubuta lambar gida da kalmar SAƘO da manyan haruffa a gabansa. Murfi ya ɗagu da hannu ɗaya, ya kuma tsaya da kansa. Bakinsa kada ya wuce ƙuguna. Kuma kada in zura hannu ƙusa ko bakin kwano ya yanke ni, don wanda ya yanke ni sau ɗaya ba na sake taɓa shi.

Sabon Hannu: Yaya, wannan maganar ta fi duk abin da na karanta a wasu wurare. To kullen fa? Na ga wani iri mai tarko: ka ɗaga murfi, wani faranti a ciki ya taso ya toshe ƙasa, ka ɗora kaya, ka rufe, farantin ya sunkuya kayan su zame ciki.

Tsohon Kafinta: Na san shi, na haɗa guda biyu. Farantin yana da nasa hinji a bangon baya, sai sarƙa ko sandar ƙarfe ta haɗa shi da murfi. Yana aiki, amma yana cin wuri. Farantin yana buƙatar fili ya sauka, kwalin kuma yana buƙatar fili ya juya ya faɗa. A akwati mai tsayi 80, rabin sama duk na tarko ne. Sai ka ga akwati ƙato, amma abin da ke shiga bai wuce kwalin takalmi ba. In kana son tarko na gaske sai ka kai tsayin 120, ka ga bakin ya wuce ƙugun da ɗan aike ya ce. Sannan sai ka yi wata ƙofa a ƙasa ta kwashewa, wato hinji shida maimakon biyu, kowace ƙofa kuma hanyar ruwa ce.

Sarkin Musu: Amma shi kaɗai ne ke karɓar kaya sau biyu a rana. Na kwaɗo fa? Na farko ya zo ya danna kwaɗo, na biyu ya zo ya tarar a kulle, ya ajiye a ƙasa. Mun koma gidan jiya.

Maman 'Yan Biyu: Kuma a na tarko, in na farko kofunan tangaran ne, na biyu kuma kwalin littattafai, ya faɗo a kansu. Wanne ya fi?

Sarkin Musu: Sai a shimfiɗa tsohuwar katifa a ƙasa.

Maman 'Yan Biyu: Katifar tana ƙarƙashin kofuna, littattafan daga sama suke zuwa.

Ɗan Aike: Kwaɗon da aka rataye a buɗe shi ya fi mini sauƙi: in saka, in rufe, in danna. Sai dai a ɗaure kwaɗon da 'yar sarƙa, in ba haka ba rana ɗaya zai yi ƙafa. Mutum nawa ne ma ake kawo wa kaya sau biyu a yini? Kuma a abin da na gani, mai ɗauke kaya a ƙofa yawanci mai wucewa ne, ya hango kwali, ya sunkuya, ya ƙara gaba. Abin da ido bai gani ba, hannu ba ya kai masa. Wanda ya zo da ƙarfen ɓalle ƙofa kuwa, falanki mai milimita 22 ba zai tsayar da shi ba, ko da tarko ko babu.

Tsohon Kafinta: Ka ji. Sannan ka tuna kayanka na farko ba ɓarawo ya ci su ba. Ɓarawo wata rana yake zuwa, ruwa kuwa duk damina yana nan, raɓa kuma kullum. Don haka saurara.

Fara da ƙashi: ginshiƙai huɗu masu kauri, a haɗa su sama da ƙasa, sannan a jera falanki a jiki. Kada ƙafafun su taɓa ƙasa. Bakin katako inda aka yanke kamar ƙullin tsinken shan ruwa yake, tsotsa yake yi sama, kuma katakon da danshinsa ya zauna sama da kashi 20 cikin 100 ruɓa ta samu gida. Ɗora su a kan bulo ko guntun tayal, ko ka buga musu yankin tsohuwar taya. Haka kuma za ka riƙa ganin hanyar gara in ta fara hawa.

Falankin jiki a kwance za ka jera, daga ƙasa zuwa sama, kowanne ya hau kan na ƙasansa da santimita 2, kamar ɓawon kifi. In ka jera su baki da baki, da rani za su tsuke su bar kafa, da damina su kumbura su ture juna, domin katako ta faɗi yake motsi, ba ta tsawo ba. Ka huda kafin ka ɗaura sukuru, tsohon falanki ba ya yafiya. Sukurun kuma ya zama wanda ba ya tsatsa, in ba haka ba za ka ga baƙin hawaye yana gangarowa daga kowane rami.

Murfi: baya ya fi gaba tudu da kamar santimita 10, hinji a ɓangaren tudun, kwano ya zarce jiki da santimita 5 ta kowane gefe. Lanƙwasa bakin kwanon ciki saboda hannun mutane. A kan layin hinji ka shimfiɗa yankin robar cikin taya. Ƙasan akwatin kada ka toshe shi, bar 'yar tazara tsakanin falanki, ruwan da ya ɓata hanya ya shiga ya samu mafita. A ƙarƙashin inuwar murfi ka huda ramuka ka rufe da ragar sauro, kwano yana zufa da asuba.

Mai Walda: Na murfi ya tsaya da kansa, nemi sandar nan mai iska da ke riƙe ƙofar but ɗin mota. Amma ka gwada ƙarfinta, wata in ta yi wa murfi ƙarfi sai ta tumɓuke hinji. Batun ɗauke akwati kuma, noti biyu ta cikin ƙasansa zuwa kankare, ko ta baya zuwa bango, kawunansu a ciki. Sarkin Musu sai ya zo da motar ɗaga kaya.

Sarkin Musu: Zan zo. Fenti fa? Ni baƙin man inji nake shafa wa katakon waje, ko gara ba ta kusantarsa.

Malamar Kimiyya: Gara ba ta kusanta, kai ma bai kamata ka kusanta ba. Tsohon man inji cike yake da dattin ƙarfe da abubuwan da ke cutar da fata, ba ya bushewa, rana ta buga ya yi ta naso, ruwa ya wanke shi cikin ƙasa. Tufafi ko littafi ya kwana a ciki ya ɗauki warin. A sa fentin waje, hannu biyu ko uku, a fi shayar da bakin da aka yanke. Launi mai haske, domin baƙin akwati mai rufin kwano a rana tanda ne, kuma magunguna da yawa an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30, batirin waya ma ba ya son zafi. In akwai inuwa, can za a kafa shi.

Abu biyu kuma tunda tsofaffin kaya ake magana. Hinjin tsohuwar tagar nan, in da tsohon fenti a jiki kada a goge shi a bushe, fentin zamanin da yana iya ƙunsar dalma, Amurka ma sai 1978 ta hana shi a gidaje. Sannan duk wanda ya shafa man linsid, wato man nan da ake shafa wa katako, kada ya dunƙule tsumman ya jefa a kwali. Yana ɗumama kansa yayin bushewa har ya kama wuta. A shanya shi a buɗe ko a tsoma a ruwa.

Sabon Hannu: Na gode ƙwarai. Na fasa tarko. Murfi ɗaya, kwaɗo mai sarƙa. Zan dawo da labari in sha Allah.

Sabon Hannu: Salam. Mako biyar ke nan, ga rahoto. Falanki huɗu na fasa kafin in yarda da maganar Baba ta zarton ƙarfe. Sandar but ɗin da na samo ta yi ƙarfi, murfin har tsalle yake, sai na cire na sa guntun katako mai hinji da ke faɗawa ya tokare shi. An yi ruwa sau uku, ciki a bushe, in ban da kusurwa ɗaya ta baya inda robar ba ta kai ba. Kuskurena babba: na auna 60 da 50 daga waje, na manta ginshiƙai da kaurin falanki sun ci nasu. Ciki bai wuce 48 a kan 38 ba. Jiya aka kawo wani kwali, santimita biyu kacal ya hana shi shiga.

Ɗan Aike: A ina ya ajiye?

Sabon Hannu: Ya gwada kan murfi, gangaren ya zamo da shi. Sai ya tura shi tsakanin akwatin da bango, ya danna kwaɗon a kan akwati babu komai.

Sarkin Musu: Kun gani ko.

Tsohon Kafinta: Ba mu ga komai ba. Da sukuru ya ɗaura, ba ƙusa ba. Ɗana, falanki nawa suka rage maka?

Sabon Hannu: Uku, Baba. Sai kuma mai MB ɗin nan da ke jingine.

Malamar Kimiyya: Ya ci gaba da jingina.

Tsohon Kafinta: Uku ba za su kai ba. Nemo wani mai HT. Gaba da baya da ƙasa za ka sauya, gefuna biyu su zauna yadda suke, sai murfi. Auno mini faɗin kwanon da ya rage tukuna, kuma wannan karon ka sa tef ɗin daga ciki.